Fayil ɗin da Oga Ya Kwana Uku Yana Gyarawa

"Wannan kwamfutar ba ta da ladabi," in ji Oga Injiniya yana share gumi. "Kwana uku ke nan ina gyara fayil ɗin saitin Free Pascal, kompailar nan mai fassara shirin da aka rubuta da yaren Pascal zuwa yaren na'ura, amma har yanzu kompaila tana cewa ba ta ga yunit ɗin da na nuna mata ba, wato ɓangaren shirin da ke cikin wani fayil daban."

Yaronsa ya matso a hankali. "Ranka ya daɗe, wane fayil ɗin kake gyarawa?"

"Wannan tambayar raini ce. Fayil ɗin guda ɗaya ne tak, sunansa fpc.cfg, yana zaune a cikin /etc, kuma tun kafin a yaye ka nake buɗe shi da sudo, umarnin da ke ba mutum izinin mai iko da na'ura."

"Haka ne, Oga. Sai dai kafin kompaila ta kai ga /etc, takan fara leƙa foldar da ake aiki a ciki, sannan ta duba foldarka ta gida ko akwai .fpc.cfg, kuma wanda ta fara cin karo da shi, shi take bi ta ƙyale sauran."

"A foldata ta gida? Babu fayil ɗin da yake kwana a can ban san da shi ba." Ya buga ls, umarnin da ke jero fayilolin folda, da ƙarfi kamar allon ya yi masa laifi. "To ga ta nan. Nuna mini shi."

"Ai sunansa ya fara da ɗigo, ranka ya daɗe, don haka ba zai fito ba sai an ƙara -a."

Wanda ya fara tunanin cewa ɗigo guda ya isa ya ɓoye wa mutum fayil a cikin kwamfutarsa ta kansa, shi ya san amsar da zai bayar.

"Ni zan ƙara wa umarnina harafi don yaro ya ce? Na san -a tun kana rarrafe. Ban sa shi ba ne saboda ina so in ga ko kana bin darasi."

Ya sa, har da l mai fito da cikakken bayanin kowane fayil, don nuna iyawa. Fayil ɗin ya fito fili, da sunan Oga a matsayin mai shi.

"An sace mini kalmar sirri," in ji Oga nan take.

"Idan ka kira kompaila da -vt, Oga, za ta lissafa duk inda ta nema da fayil ɗin da ta karanta."

"Ba na buƙatar shaidar na'ura a kan abin da na riga na fahimta. Buɗe shi kawai."

Suna buɗewa suka tarar da layin -Fu, mai gaya wa kompaila inda za ta nemi yunit, yana nuna wata folda da Oga ya goge da hannunsa tun bara. Yaron ya gyara hanyar, ya adana, aiki ya tafi ba gardama.

"Ka gani? Gyaran da na yi a /etc ne ya share fage."

"To yanzu mu mayar da wancan yadda yake. Ka ajiye kwafinsa kafin ka taɓa shi?"

"Kwafi na masu shakkar kansu ne." Oga ya yi shiru, sannan ya rage murya. "Kana iya tuna yadda yake da farko?"

"Akwai manhajar fpcmkcfg, tana iya samar da sabo."

"Na san da ita, gwada ka nake yi. Faɗo haruffan ɗaya bayan ɗaya, in ji ko ka iya."