Gida a kan taya, yara a cikin hamada

Masu turo mini bidiyon iyalan Amurka da suka sayar da gida suka koma zama cikin mota, kuna cewa "ka ga rayuwa", ku matso mu yi magana. Ni ma abin yana burge ni. Inda na tsaya shi ne batun yara.

Matattarar masu wannan harka a lokacin sanyi wani ɗan gari ne a jihar Arizona, ana ce masa Quartzsite, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Phoenix ta nufi Los Angeles. A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su kai 2,500 ba. Amma da zarar ƙanƙara ta rufe Kanada da jihohin arewa, sai motoci masu ɗaki su yi ta kwararowa, kafin Janairu dubun dubatar mutane sun baje a fili. Filin na gwamnatin tarayya ne, a hannun BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnati. A yankin La Posa, an yi shekara da shekaru ana biyan dala 180 a zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Wata bakwai ke nan, a ƙasar da hayar wata guda a birane da yawa ta haura dala 1,000. Akwai ma inda kyauta ne, sai dai kwana 14 kawai za ka yi ka tashi. Bazara na shigowa kowa ya tsere, don zafin wurin yana wuce digiri 40.

Wani abin sha'awa, a garin nan kabarin Haji Ali yake, mai kula da raƙuma da sojojin Amurka suka ɗauko daga Daular Usmaniyya a 1856. Har siffar raƙumi aka ɗora a saman kabarin.

To, abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne ruwa. Motar tanki uku gare ta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Na farko yana ƙarewa, biyun suna cika, kuma babu famfo a gindin dutse. Mutum ɗaya zai iya lallaɓawa. Uba da uwa da yara uku fa? Wanka ya zama na awo, kwano a goge shi kafin a ɗauraye, ranar da tankin bayan gida ya cika kuwa dole a naɗe komai a tafi a bi layin zubarwa. Wuta ta hasken rana ce, ga ranakun sanyi gajeru. In hadari ya rufe sai janareto. Da dare sanyi yakan kusa daskarar da ruwa, sai a yi ta ƙona iskar gas. Sannan ga iska mai ƙura da take kulle yara cikin ɗan akurkin ɗaki yini guda.

Kuma ba kowa ne ya zo don nishaɗi ba. Akwai tsofaffi masu fansho mai kauri da mota kamar fada. Kusa da su akwai waɗanda rikicin tattalin arzikin 2008 ya raba da gidajensu, irin mutanen da fim ɗin Nomadland ya nuna, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021. Irinsu ne kamfanin Amazon ya riƙa ɗauka aikin wucin gadi a rumbunansa ƙarshen shekara. In haƙori ya matsa, da yawa sukan tsallaka iyaka zuwa Los Algodones a Meziko saboda araha. Wannan ba na ga laifinsa, wanda bai da yadda zai yi ai ba a ce masa don me.

Wanda nake jayayya da shi shi ne mai hali, da ya zaɓar wa 'ya'yansa wannan rayuwa shekara da shekaru. Doka ta yarda a koyar da yaro a gida a duk jihohin Amurka, kuma ban musa ba, yaron da ya ga katafaren kwazazzabon nan na Grand Canyon da idonsa ya ƙaru. Amma yaro yana bukatar aboki wanda zai gani yau, ya gani gobe, su yi faɗa su shirya. Wasu za su ce ai makiyayanmu ma haka suke yawo. Ba ɗaya ba ne. Ruga da dangi take tashi, da kaka da 'yan uwa da tsararraki, kuma yaro yana koyon sana'ar da zai gada. Yaron mota daga shi sai iyayensa, abokin da ya yi wannan mako ya bi hanyar Texas mako mai zuwa. Ka kuma tuna budurwa 'yar shekara 14 da gadonta ba shi da ƙofa sai labule, taku biyu daga gadon iyayenta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu ciyar da tafiyar da kuɗin YouTube. Kukan yaro, rashin lafiyarsa, wurin kwanansa, duk sun zama haja, shi kuwa ba a tambaye shi ba.

A yi sanyi guda a La Posa da yara ƙanana, ban ƙi ba, ni ma da zan samu da na je. Amma in yaro ya isa shiga sakandare, a nema masa gari a zauna, motar ta jira hutun Disamba.