Minti Biyar Na Ce Wa Alhaji

Ranar Talata da hantsi Alhaji maƙwabcinmu ya shigo shagona a Samaru riƙe da faifan DVD na bikin 'yarsa, yana so a juye masa a filas. Na ce, "Ranka ya daɗe, zauna, minti biyar ne." Na danna maɓallin sidi-rom, wato na'urar karanta faifai ta kwamfuta, tire ya fito, na ɗora faifai, ya koma ciki, 'yar koriyar wutar tana ta ƙiftawa. Na duba kwamfuta: sidi-rom ko sama ko ƙasa.

Na gyara zama irin na masana. Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ta gani, don in manhajar da ke tuƙa na'urar ce ta lalace, za ka ga sunanta da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, sau da yawa da lamba 19 ko 39. Maganin wannan sananne ne: a shiga regedit, ma'ajiyar saitin Windows, a goge layukan UpperFilters da LowerFilters na rukunin faifai, a kashe a kunna. To ni ko sunan babu, balle alama. Duk da haka na je na goge, saboda Alhaji yana kallo kuma hannu bai kamata ya zauna ba.

Aka kira azahar. Muka dawo, na sake kunnawa ina dukan F2 kamar mai kalangu har BIOS ya buɗe, wato shafin saitin da ke tashi kafin Windows. Nan ne alƙalin gaskiya: abin da BIOS bai gani ba, Windows ba ta da laifi a kansa. Ramukan SATA, inda ake soka wayar sidi-rom, duk a kunne suke, agogo daidai, wato batirin CR2032 bai mutu ya rikita saiti ba. Amma layin sidi-rom wayam.

Sai na yanke hukunci cewa ƙurar hunturu ta kashe na'urar. Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, na sayo wata ta hannu, na dawo la'asar sakaliya. Alhaji ya ci gyaɗar da ke kan teburina tas.

Na zare wuta, na kwance sukurori biyu, na buɗe murfin gefe. Bayan sidi-rom ramuka biyu ne: mai faɗi na wuta, fil 15, da ƙarami na saƙo, fil 7, wanda ke zuwa babban allon cikin kwamfuta. Mai faɗin a toshe yake daram, shi ya sa tire ke fita yana shiga kamar lafiyayye. Ƙaramin kuwa fanko.

Yaron shagona ya leƙo, ya ce, "Oga, ba jar wayar nan ka cire da azumi ka sa wa ma'ajiyar SSD ba? Ka ce ai zamanin faifai ya wuce."

Na ce masa ya je ya sayo ruwa.

Na tono wata waya a durowa, na soka har ƙarfen bakinta ya ce ƙas, na mayar da wuta na kunna, tsohuwar na'urar ta bayyana nan take. Faifan ya buɗe. Alhaji ya sa tabarau, ya matso, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Af! Wannan ai na wa'azi ne. Na bikin yana gida, bari in aika a ɗauko."