Kafin ka biya dala 300 kuɗin jarrabawar kwamfuta

A makon jiya ƙanen wani abokina, mai gyaran waya a wata rumfa a kasuwar Gusau, ya same ni a shago bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan." Talla ce ta wata makarantar intanet, wai cikin mako shida za a mayar da mutum ƙwararre a harkar tsaron kwamfuta, har a ba shi satifiket. Yaron ya gama sakandare bai samu ci gaba ba saboda halin gida, amma hannunsa yana da albarka, domin na sha ganin ya ɗaga ɗan mitsitsin ƙarfe daga cikin waya da hantsaki ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba. Amsar da na ba shi nake so in shimfiɗa a nan, tun da irinsa suna da yawa daga Gusau har Kaura Namoda da Talatar Mafara.

Takardar da cibiya ke buga wa duk wanda ya biya kuɗi ya zauna a aji daban take da shaidar da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin fasaha irin su Cisco ko CompTIA ko Microsoft ke bayarwa bayan mutum ya ci jarrabawar da ba malaminsa ne ya tsara ta ba, wadda kuma mai ɗaukar aiki zai iya tantance ta a intanet. Ni kaina ina da irin ta farkon, difloma ta wata shida da aka lulluɓe mini da leda, kuma har yau babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa ita.

Tsaron kwamfuta shi ne abin da samari suka fi ambata yanzu, kuma a ganina ba nan ce ƙofar shiga ba. Babbar shaidar fannin, CISSP, ba a ba mutum ita cikakkiya sai ya kawo hujjar aikin shekara biyar. Ko Security+, shaidar CompTIA ta matakin farko a fannin tsaro, da ba ta da sharaɗi na tilas, masu ita da kansu suna ba da shawarar a fara da sanin sadarwar kwamfutoci da kuma aikin shekara biyu. Wanda bai san yadda saƙo ke fita daga wannan kwamfuta ya isa waccan ba, me zai tsare? Sannan bankunan da suka fi ɗaukar irin waɗannan ma'aikata hedikwatocinsu suna Legas da Abuja.

Sai mutum ya dubi aikin da ke gabansa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kowace cibiyar jarrabawa tana buƙatar wanda zai haɗa ɗaruruwan kwamfutoci su yi magana da saba guda, wato babbar kwamfutar da ke raba musu tambayoyi, ya kuma gano inda matsala take idan layi ɗaya ya ɗauke ana tsakiyar rubutu. Otal-otal da asibitoci masu zaman kansu suna sa kyamarorin tsaro, kuma tun zuwan Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, Najeriya a 2023 ana neman mai raba intanet daga kwano ɗaya zuwa shaguna goma. Duk wannan aikin sadarwa ne, shi ya sa nake fifita CCNA, shaidar Cisco ta ƙwarewa a sadarwar kwamfutoci, ga wanda ba shi da digiri. Tun 2020 jarrabawa ɗaya ce mai lamba 200-301, ta sa'a biyu, ba ta tambayar takardar makaranta, kuma manhajar Packet Tracer da ake koyon saita rauta da suwic, wato na'urorin haɗa kwamfutoci, a cikinta kyauta ce. A+ ta CompTIA, shaidar gyara da kula da kwamfuta, tana da amfani, sai dai jarrabawa biyu ce, kowacce sama da dala 200, don haka mai gyaran waya gara ya karanta darussanta ya adana kuɗinsa. Jarrabawar farko ta AWS, sashen Amazon mai ba da hayar saba ta intanet, dala 100 ce kawai, amma aikinta yawanci daga nesa ake yi, kuma mun san halin wutarmu.

Maganar kuɗi ba ta wasa ba ce. Dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato kuɗin CCNA, dala 300, a wannan farashi ya kai naira 450,000, wanda ya faɗi sai ya sake biya, kuma bayan shekara uku dole a sabunta shaidar. Wannan tsoro ne ke tura wasu haddace tambayoyin sata, alhali Cisco yana iya soke shaidar wanda aka kama, kuma ko ba a kama shi ba, ranar da aka tsayar da shi gaban suwic asirinsa zai tonu. Ana iya rubuta jarrabawar a gida ta hanyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita, da kyamara da ɗaki shiru da intanet marar yankewa, amma mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ba sai an yi mana dogon bayani ba. A lissafa kuɗin motar zuwa cibiyar jarrabawa a Abuja tun daga farko. Kuma da Turanci ake yin ta, mai ƙaramin ƙarfi a karatu ya fara gyara nan.

Ban ɓoye wa yaron ba cewa a aikin gwamnati wannan shaida ba ta maye gurbin difloma ko digiri, domin da su ake yanka matakin albashi. Mai wannan buri ya haɗa da karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, ya kuma riƙa sa ido kan shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023.

Na ce masa kada ya biya ko sisi sai ya yi wata shida yana bina wurin aiki. Ranar Asabar ya zo, na ba shi kebul da abin matsewa, na nuna masa jerin launukan wayoyi takwas ɗin nan, daga fari mai ratsin ruwan lemo zuwa ruwan ƙasa. Ya lalata kan kebul uku kafin na huɗu ya kunna fitilun na'urar gwaji a jere, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu fita Asabar mai zuwa.