Tailan: Kundin tsarin mulki 20, amma dokar ciniki na nan daram

A rubuce, dokokin Tailan hawa-hawa ne: kundin tsarin mulki a sama, sai dokokin majalisa, sai dokokin gaggawa da umarnin fada, sai ƙa'idojin ma'aikatu. A aikace kuwa, hawan da ke sama shi ya fi saurin rushewa. Daga 1932, lokacin da aka kawo ƙarshen sarauta mai wuƙa da nama, zuwa 2017, ƙasar ta yi kundin tsarin mulki 20. Dokar hulɗar jama'a da ciniki, wadda ta fara aiki a 1925, har yau da ita ake yanke shari'ar bashi da haya da gado.

Abin da ya ba wannan doka ƙarko shi ne buƙatar da ta haife ta. A 1805 Sarki Rama na Ɗaya ya sa aka tattara tsofaffin dokokin ƙasar a kundi guda, wanda aka sani da Dokar Hatimi Uku. Yarjejeniyar Bowring ta 1855, wadda ƙasar ta ƙulla da Birtaniya, ta hana kotunan ƙasar hukunta 'yan Birtaniya, sauran ƙasashen Turai ma suka nemi irin wannan gata. Domin ƙwato ikonsu, Sarki Chulalongkorn da magadansa suka ɗauko masana daga Turai da Japan, aka rubuta dokar laifuffuka a 1908, sannan ta ciniki, bisa salon Faransa da Jamus. Kafin ƙarshen shekarun 1930 an soke gatan baƙin.

Ko Musulmin kudu ba a bar su a baya ba. Tun 1946, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, shari'ar Musulunci ce ke aiki kan aure da gado tsakanin Musulmi, alƙalin da ake kira Dato Yutitham yana zaune a kotu. Wannan abin a yaba ne a ƙasar da akasarin mutanenta mabiya addinin Buda ne.

Damuwata tana ga kotuna. Tun shekarun 1950 Kotun Ƙoli ta amince cewa wanda ya yi juyin mulki ya yi nasara, umarninsa doka ne. Mu da muka rayu ƙarƙashin dokokin soja mun san inda wannan hanya ke kaiwa. Kundin 2017 ya ƙara da nasa: sashe na 279 ya halatta duk umarnin sojojin da Janar Prayut ya jagoranta suka ƙwace mulki a 2014.

Ga kuma Kotun Tsarin Mulki. Jam'iyyar Move Forward ce ta fi kowa kujeru a zaɓen 2023. A watan Agustan 2024 kotun ta rushe ta saboda ta nemi a gyara sashe na 112 na dokar laifuffuka, mai tanadin ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki. Mako guda bayan haka ta tsige Firaminista Srettha Thavisin.

Masu kare wannan tsari suna cewa kotu na taka wa 'yan siyasa birki ne. Na yarda 'yan siyasa na buƙatar birki. Amma neman gyaran doka ta hanyar majalisa ai shi ne aikin da aka zaɓe su su yi, kuma alƙalai tara bai kamata su share ƙuri'ar mutum miliyan 14 da suka zaɓi Move Forward a kan haka ba.