Bayan rabon taki, wa zai tsaya wa manomin Zazzau a kaka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon taki a ƙasar Zazzau ya san yadda fuskokin mutane ke washewa idan aka sauke buhun farko daga tirela. Dattijon da ya baro ƙauye tun bayan sallar asuba da kuɗin mashin ɗin da ya ranto, idan aka kira sunansa ya ɗaure buhu biyu, addu'ar da yake yi wa wanda ya kawo takin daga zuciyarsa take fitowa. Ban raina wannan addu'a ba, ban kuma raina takin ba. A daminar 2024 da ta 2025 gwamnatin Sanata Uba Sani ta raba ɗaruruwan tireloli na taki kyauta ga ƙananan manoman jihar Kaduna, 'yan majalisa na tarayya da na jiha su ma suna yin nasu gwargwadon hali. Yabon gwani ya zama dole, domin mun ga zamanin da talaka sai dai ya ji labarin takin gwamnati a rediyo.

Abin da ke damuna shi ne mun fara auna ƙaunar ɗan siyasa ga manomi da ranar rabo kaɗai. Shekarar manomi kuwa doguwa ce, kuma ranar da ya fi buƙatar mai tsaya masa tana can gaba, lokacin da babu rumfa, babu maroƙi, babu mai ɗaukar hoto.

Mu fara da shi kansa takin. Abin da masana ke ba da shawara ga kadada ɗaya ta masara ya kai kusan buhu 8 na takin kamfa (NPK) da kusan buhu 3 na yuriya. Wanda ya samu buhu biyu an rage masa nauyi, sauran kuma daga aljihunsa ko daga bashi za su fito. Sai maganar lokaci. A Zariya ana shuka ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kamfa tana son shiga ƙasa cikin makonni biyu bayan shuka, yuriya ta biyo baya kafin masara ta fitar da goyo. Masara ba ta jiran mai girma ya dawo daga Abuja. Takin da ya iso hannun manomi a tsakiyar marka kasuwa zai nufa, a sayar da shi a karye, sannan wani ya hau mumbari ya ce manoma ba su san alheri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda yake nufin taimako da gaske ya sayi takinsa tun Fabrairu ko Maris, ya raba kafin ruwan shuka, kuma sunayen su fito daga masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma, a kafe su a ƙofar fada kowa ya gani, domin yunwa ba ta tambayar katin jam'iyya.

Amma ko da takin ya zo a kan kari, inda ƙaramin manomi ke karyewa shi ne kaka.

Ina da baffa a wani ƙauye ta bangaren Giwa, gonarsa ba ta wuce kadada biyu ba. A daminar 2025 ya yi duk abin da ake so manomi ya yi. Ya sayar da akuya biyu ya cika taki, ya yi noma da maimai a kan lokaci, Allah kuma ya ba da ruwa, masara ta yi kyau. Da na je gaishe shi bayan an gama casa, na taras da buhuna jere a zaure, shi kuma ya yi tagumi. Ya ce mini, "Ɗana, bana albarkar ce ta zame mana abin tunani. Buhun masara ba ya sayen buhun kamfa." Ga mai ba-da-kaka yana jiran nasa, ga kuɗin makarantar jikoki, ga auren ƙaramar 'yarsa da aka sa bayan kaka. Bai da zaɓin ya jira farashi ya ɗaga. Ya kwashi fiye da rabi ya kai kasuwa a makon da kowa ke kai nasa, 'yan sari suka saya yadda suka ga dama. Wannan masarar ce, in ba a yi sa'a ba, zai dawo yana awo da tiya a marka, bayan ta kwana a sito na mai kuɗi.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin taki da maganin feshi da haɗar tarakta da na mota suka yi sama. A watan Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, mutane suka fito zanga-zangar yunwa a watan Agusta, har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Abinci ya sauko, kayan noma kuwa suka tsaya inda suke.

Ni mazaunin gari ne, da tiya nake awo a kasuwar Tudun Wada, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina da farashi ya sauko. Babu mai imani da zai so a koma kwanakin da magidanci ke sulalewa daga gida tun asuba don kada yara su tambaye shi abin kari. Sai dai sauƙin da aka samo ta hanyar karya manomi bashi ne muka ci, kuma za mu biya. Manomin da ya faɗi a masara bana zai rage ta baɗi, ya koma dawa ko waken soya da ba su cin taki sosai, wani ma ya jinginar da gonar ya tafi birni acaɓa. Ran da abincin waje ya yanke, ko dala ta sake tashi, rumbun da za mu juya gare shi mu tarar babu komai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wadatar abinci a Zariya tana farawa ne daga ko manomin Soba da Kudan da Makarfi yana da dalilin sake shuka.

To me ɗan siyasa zai iya? Fiye da yadda ake zato. Kowace shekara idan azumi ya gabato, gwamnatoci da 'yan majalisa suna sayen hatsi mai yawa don rabo, akwai kuma makarantun kwana da asibitoci da ake ciyarwa da kuɗin jama'a. Akasari ta hannun ɗan kwangila ake sayen wannan abinci, a lokacin da ya riga ya bar hannun wanda ya noma shi. Me zai hana a saye shi a Nuwamba da Disamba, kai tsaye daga ƙungiyoyin ƙananan manoma a Giwa da Anchau da Maigana, a kan farashin da aka sanar tun kafin shuka, wanda ya rufe kuɗin noma ya bar ɗan riba? Indiya ta daɗe tana sanar da mafi ƙarancin farashin da gwamnati za ta sayi amfanin gona a kai. Ba sai an saye duka ba. Idan 'yan sari suka san akwai wani mai saye a gefe da ba ya karya farashi, su ma dole su gyara tayinsu.

Na san dattawa za su tuna da hukumomin sayen amfanin gona da aka rushe a 1986, waɗanda suka riƙa sayen gyaɗa da auduga a ƙasa da kimarsu, kuma tsoronsu yana kan hanya. Bambancin shi ne a wancan tsari dole ne ka sayar musu. Abin da nake nufi ƙofa ce a buɗe, mai so ya shiga, wanda kasuwa ta fi masa ya tafi kasuwa. Kusa da wannan akwai sito na unguwa, inda manomi zai ajiye buhunansa a ba shi takarda, ya karɓi ɗan rance marar ruwa a kanta ya kashe gobarar kaka, ya sayar bayan wata huɗu ko biyar. Gina irin wannan sito bai fi ƙarfin aikin mazaɓa ba. Hatta buhun nan mai ciki uku da ke hana ƙwaro cin wake ba tare da an zuba guba ba, da za a haɗa shi da rabon taki, da matan da ke noman wake sun daina sayarwa da gaggawa don tsoron ya huje.

Akwai kuma abin da ke ba ni kunya a matsayina na Bazazzagi. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke can ta fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake nomawa har a ƙasashen maƙwabta, ciki har da masarar da ke jure fari da wuta-wuta, da waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 wanda tsutsar wake ba ta yi masa ɓarna sosai. Ga NAERLS mai kula da wayar da kan manoma a faɗin ƙasa, ga NAPRI a Shika ta dabbobi. Duk da haka, ka yi tafiyar rabin sa'a daga ƙofar Samaru za ka sami manomin da ke shuka irin da ya tsinto daga rumbu shekara da shekaru, yana watsa yuriya a saman ƙasa rana ta ƙone rabinta, yana sayen maganin feshi bisa shawarar mai shago. Baffana ya ce rabon da malamin gona ya taka gonarsa har ya manta. Ga yaranmu da suka gama kwalejin noma suna zaune a dakali. Tirela guda buhu 600 take ɗauka, kuma kuɗinta zai iya biyan matasa da dama alawus na damina ɗaya su zagaya ƙauyuka. Buhu biyun da aka bayar ma sai sun fi yin amfani idan akwai mai nuna yadda ake binne su.

Shirye-shirye kam mun gani: Operation Feed the Nation na Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, takin wayar salula na zamanin ministan noma Akinwumi Adesina a 2012, bashin manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kowanne ya taimaki wasu, kowanne kuma ya tafi tare da mai shi. Shi ya sa nake ganin duk abin da za a yi wa manomi ya kamata ya shiga doka da kasafin kuɗi, da ranar saye da ranar rabo a rubuce, yadda ba zai dogara da wanda ke kan kujera ba. Tsaro kuwa ba sai an tsawaita ba: mutanen Giwa da Birnin Gwari sun san cewa gonar da ba a iya zuwa ba ta cin taki.

Zariya ba ta da uzurin rashin murya. Shugaban Majalisar Wakilai, Abbas Tajudeen, mazaɓar Zariya yake wakilta, masana noma kuma suna nan Samaru, ba sai an ɗauko su daga waje ba. Masu neman kujera a 2027 za su zo mana da taki, mu karɓa mu yi godiya, sannan mu tambaye su a gaban jama'a: a wane wata zai riƙa isowa, buhu nawa za ku saya daga hannunmu a kaka, a kan nawa, kuma a wane sito za a ajiye? Baffana dai ya riga ya yanke shawara. Ya ce kadada ɗaya zai ba waken soya, rabi dawa, masara kuwa iya ta tuwon gida kawai zai shuka, kuma maƙwabtansa da dama haka suka ce za su yi.