Rage wa manhaja kaya a Gentoo ba lalata ta ba ne

Masu koyon Linux a Yamai da yawa sun ɗauka duk abin da manhaja ta jawo wajen girkawa dole ne. A Gentoo, wani nau'in Linux, ba haka ba ne. Tunda kwamfutarka ce ke gina manhajar daga tushenta, Portage, tsarin girka manhajoji na Gentoo, na ba ka zaɓi ta alamomin USE, masu kunna ko kashe wasu sassan manhaja. Sa sunan manhajar da alamar -webengine a gabansa cikin /etc/portage/package.use, manhajar da ta tanadi zaɓin za ta ginu ba tare da QtWebEngine ba, wato sashen nuna shafin intanet mai ɗauke da injin burauzar Chromium. Gina shi na cin awanni, tsohuwar kwamfuta na huci cikin zafin Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Buɗe shafin intanet cikin manhajar kawai za ka rasa. Amma abin da ba a sa wa alama ba, wannan kam ba ya ciruwa.