Kada ka ce masa ba shi da tawakkali

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

A watan Fabrairun 2020 Saudiyya ta rufe ƙofar Umara ga baƙi saboda annobar korona. A watan Maris aka dakatar da jiragen ƙasashen waje, Jihar Kaduna ta shiga kulle. Hajjin 2020 ya wuce babu maniyyaci ko ɗaya daga Najeriya, ga na 2021 ma haka. Ku tuna da masu cin abinci ta wannan hanyar a Zariya: yaran ofisoshin shirya tafiye-tafiye, masu shara da girki a otal-otal na Sabon Gari, direbobi, da masu hoton da ke jiran hawan sallah a ƙofar fada.

Wani maƙwabcina shekara da shekaru yana yanka wa mutane tikitin Umara, an sallame shi. Ya daina zama a majalisa bayan magariba. Barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya yi wa yara tsawa. Da ya buɗe baki ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, sai wani ya ce masa, "Malam, ina tawakkalinka?" Tun ranar bai sake gaya wa kowa ba. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Yusuf, kuma Allah bai zarge shi da raunin imani ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. To mu su wa?

Magidancin da mai gidan haya ke buga wa ƙofa, kunya ce ke fara cinye shi kafin yunwa. Ba zai roƙe ka ba. Ka je da kanka, ka zauna, ka saurara, ka rage wa'azi. In kana bin sa bashi ka ɗaga masa ƙafa. In da kwanon masara, ka aika da dare, kada kowa ya gani.

In kuwa rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ka ji yana cewa gara mutuwa, kada ka bar shi shi kaɗai. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika. Ka raka shi, kuna tafe kuna addu'a.

Allah Ya kiyaye mu daga irin wannan annoba, Ya buɗe wa maƙwabcina da ire-irensa wata ƙofar.